Kallabi a Filin Daga: Inda Wonder Woman Ya Yi Ƙarfi da Inda Gwiwarsa Ta Sare

A bakin masu tura finafinai a waya, waɗanda muke kira 'yan dawunlodin, akwai wani hukunci da aka daɗe da yankewa ba tare da an zauna shari'a ba: fim ɗin faɗa, in dai mace ce akta, to kwantai zai yi. Na ji shi da kunnena a wani shago a Kasuwar Barci da ke nan Kaduna, lokacin hutun makaranta, ranar da na raka 'yar yayata za a zuba mata finafinai a memori. Ta ce a sa mata Wonder Woman. Yaron shagon ya ɗago kai, ni ya duba ba ita ba, ya ce, "Alhaji, akwai sababbin Indiya fassara fa. Wannan na mata ne, kuma ya tsufa." Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce, "Kawu, shi nake so." Aka tura.

Da daddare muka zauna a falo, da ni da ita da uwargida, aka yi sa'a ba a ɗauke wuta ba har minti 141 ɗin suka ƙare. Na taɓa ganinsa tun 2017, shekarar da ya fito, amma kallon farko na ido ne, sai a na biyu hankali ke samun wurin zama. Abin da na tashi da shi a wannan karon shi ne, duk inda fim ɗin ya yi armashi halin jarumarsa ne ya jawo, duk inda ya lalace kuma tsoron kasuwa ne ya ɓata shi.

Yaron shagon nan bai san manyan Hollywood sun riga shi yanke hukuncin ba. An yi Supergirl a 1984, bai kai labari ba. An yi Catwoman a 2004 da Halle Berry, aka narka kimanin dala miliyan 100, ko uwar kuɗi ba ta dawo ba. Elektra ya biyo baya a 2005, shi ma ya sha ƙasa. Da aka yi wa kwamfutocin kamfanin Sony kutse a 2014, cikin wasiƙun da suka fito fili har da ta Ike Perlmutter, shugaban Marvel na lokacin, inda ya jero waɗannan finafinai uku a matsayin misalan asara. Amma laifi tudu ne. Green Lantern na 2011 namiji ne ya ja shi, ya faɗi warwas, ba wanda ya ce maza ba sa sayar da tikiti. In namiji ya faɗi, fim ɗinsa ne ya faɗi. In mace ta faɗi, sai a rubuta wa mata duka a littafin bashi. Da wannan kaya a ka Wonder Woman ya shigo kasuwa, kuma ya kamata a tuna da shi kafin a fara yabo ko suka, don fim ɗin da aka ɗora wa wankin sunan mata gaba ɗaya dole ya riƙa taka-tsantsan ko a inda ya kamata ya saki jiki.

Ita jarumar ba sabuwa ba ce. A 1941 wani masanin halayyar ɗan'adam Ba'amurke, William Moulton Marston, ya ƙirƙiro ta a littattafan zane na yara. Mutumin yana cikin waɗanda bincikensu kan bugun jini ya shiga cikin na'urar gane maƙaryaci, shi ya sa ba mamaki da ya riƙa wa jarumarsa igiyar da duk wanda aka zarga masa sai ya faɗi gaskiya. Lynda Carter ta fito a matsayinta a talabijin daga 1975 zuwa 1979. Amma babban fim na silima mai sunanta, sai da ta yi jiran sama da shekara 75, alhali Superman da Batman an canza musu 'yan wasa ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Da aka tashi yi, aka damƙa wa Patty Jenkins umarni, aka kashe kusan dala miliyan 150, fim ya kwaso sama da miliyan 820 a duniya.

Labarin a taƙaice. Diana, wato Wonder Woman ɗin, 'yar sarauniya ce a wani ɓoyayyen tsibiri da babu namiji ko ɗaya, mata mayaƙa ne zalla. An rene ta da labarin cewa mutane asalinsu na kirki ne, wani abin bautar Girkawan dauri mai suna Ares ne ke zuga su yaƙi. Ana nan sai jirgin wani baƙo ya faɗo cikin tekunsu, Steve Trevor, Ba'amurke mai yi wa Ingila leƙen asiri, Jamusawa na biye da shi. Shekarar 1918 ce, ƙarshe-ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ta ji irin ɓarnar da ake yi a waje, ta ce ai wannan aikin Ares ne, ta ɗauki takobi da garkuwa ta bi baƙon don ta kashe shi yaƙi ya ƙare.

Bahaushe ya san wannan ƙofar shiga labari. Gari a hannun sarauniya, baƙo ya iso daga nesa, daga ranar komai ya sauya. Haka aka ba mu labarin Daura: Bayajidda ya zo da dare, ya sare macijin rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, daga nan sarauta ta koma hannun maza. A fim ɗin nan an kifa ƙwaryar. Baƙon ne ke nutsewa, 'yar sarauniya ta yi tsalle ta tsamo shi, ita ce kuma ta fita neman macijin. Wannan juyin kaɗai ya isa ya sa yarinya 'yar shekara goma sha huɗu ta gyara zama, na kuwa ga ta gyara.

Kashin farko, na tsibiri, yana da kyau don kyamara ta san abin da take kallo. Matan nan ana nuna su suna atisaye, suna sukuwa, suna harbi da baka, da tabon sara a kafaɗa da alamun shekaru a fuska. Robin Wright, wadda ta fito a sarkin yaƙinsu Antiope, ta haura hamsin a lokacin, ba a kuma ɓoye hakan ba. Wanda ya saba kallon yadda finafinan faɗa ke bin jikin mace da kyamara tun daga ƙafa zuwa sama zai lura da bambancin, ko da bai iya faɗin mene ne ba. A nan damtse ake nunawa yana aiki.

Kashi na biyu, na Landan, nan ne barkwancin yake, kuma barkwanci ne mai ƙaya. Diana ba ta san al'adar garin ba, amma ba a mayar da ita wawiya ba. Ta ji aikin da sakatariyar Steve ke yi, ta ce a garinsu wannan bauta ake kiransa. Ta kutsa zauren da manya ke shawarar yaƙi, dattawa suka yi cirko-cirko don mace ta shigo, alhali ita kaɗai ce a wurin ta iya karanta littafin sirrin da aka sato daga hannun abokan gaba. Da ta ji wani janar na cewa mutuwa ai aikin soja ce, ta wanke shi tas, ta ce a inda ta fito shugaban yaƙi ba ya fakewa a ofis. Masu kallo a Turai sun yi dariyar kakanninsu, don a wannan shekarar ta 1918 ne Ingila ta fara bai wa wasu mata, 'yan sama da shekara 30, damar jefa ƙuri'a. Mu kam dariyar ba ta yi mana nisa haka ba. Matan Arewa sai a 1979 suka yi zaɓen shugabannin ƙasa karo na farko, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya sun sha duka da ɗauri a kan maganar tun zamanin NEPU. Uwargida ce ta tuna mini wannan muna cikin kallo, ba ni na tuna ba.

Sai fitowar da ta ɗauki fim ɗin gaba ɗaya a kafaɗarta. Sun isa bakin daga a Beljiyam, cikin ramukan da sojoji ke fakewa, laka har gwiwa. Tun a hanya Diana ke ganin abin da ba ta iya wucewa: doki ya maƙale ana zabga masa bulala, soja ya rasa ƙafa, yaro na kuka. Kowane ta tsaya a kansa sai a ce mata ba lokaci, ba shi ya kawo mu ba. Daga ƙarshe wata mata riƙe da jariri ta kama ta, ta ce ƙauyensu, Veld, yana can ƙetare a hannun Jamusawa, mutane na mutuwa da yunwa. Tsakanin ramukan ɓangarorin biyu akwai wani fili da ba mai taka shi ya rayu. Sunan da sojoji ke kiransa da Turanci yana da harshen damo: yana nufin filin da ba na kowa ba, yana kuma iya nufin filin da ba na namiji ba. Steve ya yi mata bayani na hankali, cewa rundunar nan ta kusa shekara a wurin ba ta ci ko taku ba, cewa ba kowa za a iya ceta ba. Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta juya, ta warware gashinta, ta yar da mayafin da ta lulluɓa da shi tun daga Landan, ta hau tsani.

Abin da ya sa fitowar ta yi aiki ya fi ƙarfin kiɗa da siddabarun kwamfuta. Na ɗaya, an ja mana rai. Fiye da awa guda ana kallo kafin a ga jarumar cikin cikakkun kayan yaƙinta, don haka da ta fito, fitowar tana da nauyi. Na biyu, babu bos a wurin. Ba ta hari kowa ba. Ta durƙusa bayan garkuwarta, harsasan manyan bindigogi suka taru a kanta, wannan ne ya ba mazan da ke bayanta damar fitowa daga rami. Jarumtar da aka nuna a nan ta ɗaukar duka ce don wasu su samu wucewa, kuma duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san wace ce ke yin wannan aikin kullum ba tare da an buga mata tambari ba. Patty Jenkins da kanta ta taɓa bayyana cewa wannan fitowar ce wasu abokan aikinta suka fi kasa gane amfaninta tun farko, tunda ba wanda ake faɗa da shi. Ga shi ita ce aka fi tunawa.

A nan fim ɗin ya yi abin da mu kanmu ba mu cika yi ba. Mu in za mu yabi mace mai ƙoƙari, ƙarshen yabonmu shi ne mu ce mace mai kamar maza. Ko Amina ta Zazzau, wadda Turunkun iyayenta ke nan cikin ƙaramar hukumar Igabi, wadda aka sa wa kwalejin 'yan mata ta Kakuri sunanta, dubi yadda labarinta ya iso mana. Tarihin Kano ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata da bābanni 40 da goro 10,000, ta yi shekara 34 tana yaƙi. Ganuwoyi da dama har yau da sunanta ake kiransu. Amma abin da bakin mutane ya fi riƙewa shi ne wai duk garin da ta ci sai ta kwana da namiji ta kashe shi da safe. Kamar dai ba za a iya yarda mace ta riƙe takobi ba sai an cire mata zuciya tukuna. Hollywood ma ta daɗe a kan wannan hanya, ta ɗauko halin jarumi namiji mai ɗaure fuska ta sanya wa mace. Diana kuwa ta ga jariri a titi ta nufe shi da murna, ta ɗanɗani askirim ta yaba wa mai sayarwa, ta ga ɗan rakiyarta Charlie, gwanin harbi da firgicin yaƙi ya hana shi harbi, maimakon ta kore shi sai ta ce ya zauna, wa zai riƙa yi musu waƙa. Tausayin nan shi ne ya fitar da ita daga ramin, ba a kuma nuna shi a matsayin rauni da sai ta warke daga shi ba.

'Yan rakiyar ma an ba su 'yar magana mai ma'ana. Sameer, wanda Saïd Taghmaoui ɗan asalin Maroko ya fito a matsayinsa, ya gaya mata shi wasan kwaikwayo ya so yi, launin fatarsa ya hana. Ɗayan, ɗan asalin jajayen mutanen Amurka, da ta tambaye shi wa ya ƙwace ƙasarsu, sai ya nuna Steve da ke barci. Layi biyu ne kawai, amma sun isa su nuna cewa ɓangaren da jarumar ta shiga ba tsarkaka ba ne. Duk da haka yaƙin da aka nuna na Turai ne zalla, alhali ya taɓa mu har gida. Sojojin Najeriya, da yawansu Hausawa, sun gwabza da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a Garwa da Banyo da dutsen Mora, daga baya aka kwashe su zuwa Gabashin Afirka. Garin nan namu ma a tsakiyar wannan yaƙin, a 1917, ya karɓi hedikwatar Arewa daga Zungeru. Ba na cewa dole fim ɗin Amurka ya ba da labarinmu. Namu ne ba mu bayar ba.

To, yabon ya isa haka. Miyagun fim ɗin ba su da nama. Janar Ludendorff na Jamus an mayar da shi dodon tatsuniya, yana shaƙar wani hayaƙi yana samun ƙarfi, yana kulle mutane a ɗaki ya jefa musu guba yana dariya. Likitar da ke haɗa masa gubar, Dakta Maru, ita ce asarar da ta fi ba ni haushi. Mace ce mai ilimi a duniyar da ba ta yarda da ilimin mata ba, ta zaɓi ta sayar da basirarta ga kisa. Da an zaunar da ita da Diana ko na minti biyar sun yi magana, da an samu fitowa ta biyu mai nauyin ta farko. Sai aka bar ta tana raɓe-raɓe a bayan namiji, aka kuma rufe mata rabin fuska saboda tabo, wato dai tsohon karatun nan: kyakkyawa ita ce ta kirki, mai tabo ita ce muguwa. A fim ɗin da ke ikirarin ɗaga darajar mace, wannan koma-baya ne.

Maganar kyau ta kai mu ga sutura, wadda ita ce farkon abin da mai kallo a Tudun Wada ko Rigasa zai yi magana a kai. Uwargida ta ce, "Yanzu duk sanyin nan da laka, maza sun sha manyan riguna, ita ce za ta fita da wannan ɗan bante?" Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A watan Oktoba na 2016 Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa jarumar littafin zanen jakadiyar girmamawa ta ƙarfafa mata, ma'aikatan majalisar da kansu suka yi ƙorafi, har da batun shigarta, kafin ƙarshen shekarar aka sauke ta. Darakta James Cameron ma ya soki fim ɗin a 2017, yana ganin har yanzu kyawun fuska ake sayarwa. Patty Jenkins ta mayar masa da cewa ba dole sai mace ta zama mai taurin rai da ɗacin rayuwa kafin a kira ta mai ƙarfi ba. Kowannensu na da rabin gaskiya. Kyamara ba ta yi mata kallon banza ba, wannan na faɗa. Amma kayan gadon zanen maza ne na 1941, kamfani kuma ba zai taɓa su ba don da su ake sayar da 'yartsana da jakar makaranta.

Akwai kuma abubuwa biyu da ke wajen labarin amma suna shiga falo tare da shi. Gal Gadot, wadda ta fito a Diana, 'yar Isra'ila ce, ta yi aikin soja na shekara biyu a can, ta kuma fito fili ta goyi bayan sojojin ƙasarta lokacin yaƙin Gaza na 2014. Saboda ita Labanon ta hana nuna fim ɗin, Tunisiya da Katar ma haka. Wanda ya ce ba zai iya kallonta tana kuka a kan yaran da aka kashe da guba ba tare da ya tuna yaran Gaza ba, ban ga abin da zan ce masa ba. Na biyu shi ne maganar Zeus, babban abin bautar Girkawan dauri, da 'ya'yansa da halittar mutum, wadda ta sa uwargida yin a'uzubillahi sau biyu. Wannan tatsuniyar Girkawa ce, haka ya kamata a gaya wa yara kafin a kunna, kamar yadda ba wanda ya ɗauki Gizo da Ƙoƙi a matsayin tarihi.

Soyayyar da ke ciki tana da daɗin kallo, Chris Pine, wanda ya fito a Steve, ya iya wasansa, kuma an yi dabara da aka bar shi ya san cewa ta fi shi ƙarfi bai ji haushi ba. Matsalar ita ce rabon aiki a ƙarshe. Shi ne ya ɗauki jirgin da aka loda wa guba ya tashi da shi sama ya tarwatsa, ya mutu. Shi ne mutum, shi ke da abin rasawa, shi ya yi sadaukarwar. Ita kuwa cikakken ƙarfinta bai ɓalle ba sai da ta ga mutuwarsa ta tuna kalamansa. Ga shi kuma an bayyana cewa ita 'yar Zeus ce, ƙarfin gado ne. Duk atisayen da ta sha a hannun Antiope sai ya koma kamar share fage. Yarinyar da ke kallo za ta iya koyon hawa tsani, ba za ta iya koyon zama 'yar Zeus ba.

Kasuwa dai ta karɓa, kuma na ɗan lokaci an ce hukuncin ya rushe. Captain Marvel, shi ma na mace, ya haura dala biliyan 1 a 2019. Sai ci gaban Wonder Woman ya fito a Disambar 2020 cikin annobar korona, labarinsa ya yi rauni, kuɗinsa bai kai miliyan 200 ba. The Marvels na 2023, duk da mata uku da ya tara har da Kamala Khan, yarinya Musulma 'yar asalin Pakistan, ya tsaya a kusan miliyan 200, mafi ƙaranci a jerin finafinan Marvel zuwa lokacin. Nan da nan tsohuwar magana ta dawo. A wannan shekarar The Flash, na namiji, ya yi mummunar asara, aka ce mutane sun gaji da irin waɗannan finafinai ne. A gida ma ba mu tsira ba. Kalmar jaruma a Kannywood kowace 'yar wasa ake ba, amma aikin da ake ba ta yawanci kuka ne da kishi da jiran wanda zai aure ta. Fim ɗin Amina da Izu Ojukwu ya yi, wanda ya hau Netflix a 2021, ya sha suka daga Hausawa kan harshe da sutura, sukar tana da hujja, sai dai mu da muka iya sukar ba mu yi namu ba.

Na bar babban laifin zuwa ƙarshe don shi ne ya fi ci mini rai. Fim ɗin ya gina tambaya mai kyau tun daga farko: shin mugunta daga wani dodo take zuwa, ko daga cikin mutane? Diana ta yi imani Ludendorff ne Ares. Ta bi shi, ta soke shi, ta tsaya a kan rufi tana jiran bindigogi su yi shiru. Ba su yi ba. Sojoji suka ci gaba da loda guba a jirgi kamar ba abin da ya faru. Fuskarta a wannan lokacin ita ce mafi kyawun wasan da Gal Gadot ta yi a fim ɗin. Steve ya zo ya gaya mata abin da ba ta son ji, cewa wataƙila babu wani mugu guda da za a ɗora wa laifi, wataƙila dukanmu ne, har da shi. Da a nan aka tsaya aka bar ta ta zaɓi taimakon mutane bayan ta san halinsu, da an yi fim ɗin da za a daɗe ana magana a kansa.

Mutumin Kaduna ba ya buƙatar a fassara masa wannan fitowar. Wanda ya ga rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 a garin nan ya san ba wani dodo da ya sauko daga sama. Maƙwabci ne da maƙwabci, mutanen da suka ci abinci a kwano ɗaya. Bayan ƙura ta lafa kowa ya kwashe kayansa ya koma inda nasa suka fi yawa, kogi ya zama iyaka, har yau ba mu gama biyan wannan bashin ba. Kowane ɓangare yana da Ares ɗinsa da yake nunawa da yatsa, ɗan siyasa ko malami ko baƙo daga wani gari. Masu zuga suna nan, ba a musu. Amma hannun da ya ɗauki adda ba na mai zuga ba ne. Zaman lafiyar da aka samu kuma ba da kashe wani mutum ɗaya aka same shi ba, sai da irin su Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda da can kowannensu ke neman ran ɗan'uwansa, suka yi shekaru suna zama da mutane unguwa-unguwa.

Fim ɗin ya taɓo wannan gaskiyar, sai ya tsorata. Minti kaɗan bayan haka ga Ares na gaske ya bayyana, ashe wani dattijon ɗan majalisar Ingila ne, Sir Patrick, mai kiran a yi sulhu. Tunanin ɓoye shi cikin rigar mai son zaman lafiya ba laifi, an ma sa masa magana a baki cewa shi raɗa kawai yake yi, mutane ne ke aikatawa. Amma daga nan sai aka koma gidan jiya: dare, wuta, walƙiya, ƙarafa na tashi sama, David Thewlis, wanda ya fito a Sir Patrick, da gashin bakinsa cikin sulken da kwamfuta ta zana, ana jifa da tankar yaƙi. Kasuwa ta saba sai an kashe bos, to ga bos. Da ya mutu gari ya waye, sojojin Jamus suka cire abin rufe fuska kamar waɗanda aka tasa daga barci, ana rungume juna, sai ga Landan ana shagalin ƙare yaƙi. Bakin fim ɗin ya ce laifin na mutane ne, hotonsa ya ce na dodo ne, mai kallo kuwa hoto yake ɗauka ya tafi da shi gida.

Da rubutun ƙarshe ya fara hawa, 'yar yayata ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Kawu, to in ta kashe shi tun 1918, wa ya kawo Yaƙin Duniya na Biyu?" An koya musu a makaranta cewa a 1939 aka fara shi, shekara 21 kacal bayan wancan. Na ce mata ta ƙara da wannan: Ludendorff mutum ne na gaske, kuma ba wanda ya soke shi a kan rufi. Ya ga ƙarshen yaƙin da ransa, ya yi ta yaɗa cewa ba a ci sojojin Jamus a fagen fama ba, 'yan cikin gida ne suka ci amanarsu. A Nuwamban 1923 yana kafaɗa da kafaɗa da Hitila a titin Munik ranar da suka yi yunƙurin juyin mulki. Sai a 1937 ya mutu, yana da shekara 72.